Wa Ke Jan Ragama a Faifan Talking Timbuktu?

A shekarar 1994 kamfanin World Circuit ya fitar da faifan Talking Timbuktu, aikin haɗin gwiwar Ali Farka Touré na ƙasar Mali da Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka. A Amurka aka naɗe shi, ya kuma ci lambar Grammy a 1995. Masu sharhi a Turai sun saba kiran wannan salo "blues na hamada", sunan da ke nuna kamar Touré ya ɗauko kiɗan baƙaƙen Amurka ne ya sa masa rawani. Sauraren faifan da kunnen basira yana nuna akasin haka.

Ginshiƙin kiɗan ƙwarya ce, wadda Hamma Sankaré ke bugawa. Ita ke riƙe da taki, gangunan Jim Keltner ɗan Amurka kuwa bin sawunta suke yi. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin a faya-fayai da dama da aka yi wa mawaƙan Afirka a ƙasashen waje, gangunan Turawa ne ke shimfiɗa taki, sannan a yayyafa kayan gargajiya a kai don ado.

Jitar Touré ma abin lura ce. Kafin ya san jita ya goge da gurkel da njarka, masu tsirkiya ɗaya-ɗaya. Wanda ya san kukuma zai gane njarka da jin farko. Abin da hannunsa ya koya a can shi ya kai kan jita: gajeren karin sauti mai amo biyar, yana zagayawa yana komowa, amshi na tarbar sa. Blues ɗin da aka saba da shi yana sauya mazaunin sauti bisa tsararriyar ƙa'ida, shi kuwa Touré kan zauna a mazauni guda har waƙa ta ƙare. John Lee Hooker, mawaƙin blues na Amurka, shi ma haka ya riƙa yi, shi ya sa da Touré ya ji kiɗansa ya ce na gida ne.

Gwanintar Cooder a nan ita ce haƙuri. Yana jiran gurbi, ya cike shi da jan tsirkiya mai taushi, ya janye. Waƙoƙin kuma ba su sauya harshe don kasuwa ba: Sonrai ne, da Fulatanci, da Bambara, da Tamashek.

Duk da haka aikin situdiyo ya goge wa sautin kaushinsa, kuma ina ganin an yi asara a wurin. Faifan Niafunké na 1999, wanda aka naɗa a garin Touré da ke bakin Kogin Neja, ya fi kusa da yadda kiɗan yake a ƙasarsa. Amma a Talking Timbuktu ma, Touré ne mai gida, Cooder baƙo ne da ya san matsayinsa.