Makarantar Sarkawa: Ilmin Ruwa Daga Uba Zuwa Ɗa

Idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar tun kafin zuwan boko akwai wata makaranta a bakin kogi wadda ba ta da allo ko aji. Wannan ita ce ta Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi da Yawuri. Uba shi ne malami, ɗa shi ne ɗalibi. Yaro yakan fara da kwashe ruwa daga cikin kwalekwale, sannan a ba shi filafili, a koya masa iyo da nutso, da gane zurfin ruwa, da maɓoyar kada da dorina.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin su. Daga nan duniya ta fara ganin gwanintar Kabawa da homa da gora. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin kayan gadon al'adun duniya.

Sai dai zamani ya sauya. Da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, kogi ya zama tafki mai iska da igiya. Jiragen inji suka yawaita, lodi ya wuce kima. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara, rayuka da yawa suka salwanta.

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, wajibi ne mu je wurin dattawan Sarkawa mu rubuta iliminsu tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.