Yadda gasar ɗalibai ta mamaye ƙarshen hunturu a Amurka

Da zarar an buga wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu, mai son wasanni a Amurka sai ya ji kamar an kwashe masa tabarma. Ƙwallon ƙafarsu, wadda a gaskiya da hannu aka fi buga ta, ta tafi hutu sai Satumba. 'Yan wasan besbol suna can jihohin Florida da Arizona suna atisaye, ba a fara kaka ba. Ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando na NBA kuwa suna jan ƙafa a tsakiyar doguwar kaka mai wasanni 82, inda shan kashi a daren Talata ba ya hana kowa barci. Ga sanyi, ga dusar ƙanƙara a ƙofar gida. A wannan giɓin ne ƙwallon kwando ta ɗaliban jami'a ta samu wurin zama, har ta zama gasar da ake kira Haukan Maris.

Dama sanyin ne ya haifi wasan. A Disambar 1891 James Naismith, malamin motsa jiki a Springfield ta jihar Massachusetts, ya rataya kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a cikin zaure don ɗalibansa su samu abin yi har hunturu ya wuce. Makarantu suka rungume shi tun kafin ƙwararru su tsaya da ƙafarsu, domin sai a 1946 aka kafa ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NBA.

Gasar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara ne a 1939 da ƙungiyoyi takwas kacal. Oregon ta doke Ohio State da maki 46 da 33 a garin Evanston, kuma masu shirya gasar asara suka tafka. A wancan zamanin gasar NIT ta birnin New York, wadda ta girme ta da shekara ɗaya, ita ce mai daraja. Abin da ya karya NIT ba ƙwallo ba ne, caca ce. A 1950 kwalejin CCNY ta lashe kofunan biyu a kaka ɗaya, abin da ba a sake yi ba. Shekara ta zagayo sai asiri ya tonu cewa 'yan wasanta da na wasu makarantu suna karɓar kuɗi daga 'yan caca don su rage tazarar maki. Sunan New York ya ɓaci, ita kuwa NCAA ta faɗaɗa gasarta zuwa ƙungiyoyi 16 a 1951, ta ci gaba da hawa.

Ana yawan ambaton koci John Wooden da jami'ar UCLA, waɗanda suka ɗauki kofi 10 cikin shekara 12, daga 1964 zuwa 1975. Bajinta ce babu musu, amma ni wasan 1966 ya fi tsaya mini a rai. A shekarar ce koci Don Haskins na Texas Western ya fito da baƙaƙen fata biyar a farkon wasan ƙarshe, ya fuskanci Kentucky ta Adolph Rupp wadda duk 'yan wasanta farare ne, ya ci 72 da 65. Jami'o'in kudancin ƙasar da suka daɗe suna rufe ƙofa suka ga cewa wariya tana jawo musu asarar kofi, kuma cikin 'yan shekaru ƙofofin suka fara buɗewa.

Talabijin ce ta ƙarasa aikin. A Maris na 1979 Magic Johnson na Michigan State ya haɗu da Larry Bird na Indiana State a wasan ƙarshe, Johnson ya yi nasara da 75 da 64, kuma har yau babu wasan ƙwallon kwandon jami'a da ya ja kaso mafi girma na gidajen Amurka zuwa gaban akwatin talabijin kamarsa. Mutanen biyu suka wuce NBA, ɗaya Los Angeles ɗaya Boston, suka farfaɗo da gasar ƙwararrun da a lokacin har wasu wasanninta na ƙarshe ake naɗa a nuna da tsakar dare. Wato jami'a ce take yi wa ɗan wasa suna, NBA ta karɓe shi da sunansa.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe sau biyu a jere. A 1983 kowa ya gama ba su kofi, sai North Carolina State ta cusa ƙwallo a kwando ana daf da busa tashi, aka tashi 54 da 52. Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon zagayen ƙarshe, alhali yana ɓangaren da aka doke. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta sake hana shi. A shekarar NBA ta ɗauke shi a matsayi na ɗaya, Michael Jordan na uku. Daga baya ya ci kofin NBA sau biyu, kuma a Fabrairun 1995 aka ba shi gwarzon wata yana cikin azumin Ramadan. Abin lura shi ne Olajuwon da Jordan kowannensu ya buga kaka uku a jami'a, Ewing huɗu. Mai kallo ya san su, ya ga girmansu, ya shaƙu da su.

A 1985 gasar NCAA ta kai ƙungiyoyi 64, a 2011 ta kai 68. Tsarin sili ɗaya ƙwale ne: aka doke ka sau ɗaya, ka haɗa kayanka. Shi ya sa ƙaramar makarantar da ba wanda ya san garinta take iya kayar da giwa, kamar yadda UMBC ta yi wa Virginia 74 da 54 a 2018. A ofisoshi har waɗanda ba su taɓa kallon wasa ba suna cika takardar hasashe, kuma sau da yawa su ke cinyewa.

Sai dai zamanin shaƙuwar nan da 'yan wasa bai ɗore ba. Daga 1995, lokacin da Kevin Garnett ya tsallaka NBA kai tsaye daga sakandare, Kobe Bryant da LeBron James suka bi sahu. NBA ta kafa dokar shekara 19 daga 2006, sai manyan taurari suka koma leƙa jami'a na kaka ɗaya su wuce. Kuɗi kuwa sai ƙaruwa suke yi. A 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka sayi haƙƙin nuna gasar na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. A lokacin koci yana karɓar miliyoyi, ɗan wasa kuma an ce masa tallafin karatu ya ishe shi, idan ya sayar da sa hannunsa ma a hukunta shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan UCLA da ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ba a ba shi ko sisi ba, ya shigar da ƙara a 2009. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗa baki suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yuli ɗalibai suka samu damar cin kuɗin talla da sunansu. A 2025 wata yarjejeniyar kotu ta ba jami'o'i izinin biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko.

Mata ma sun ƙwaci nasu rabon. Gasarsu ta fara a 1982, amma sai a 2022 aka yarda ta yi amfani da sunan Haukan Maris. A 2024 wasan ƙarshe tsakanin South Carolina da Iowa ta Caitlin Clark ya fi na maza yawan masu kallo, kusan miliyan 19.

Tsofaffin magoya baya suna ƙorafi cewa yanzu babu bambanci tsakanin ɗalibi da ƙwararre, yaro ya sa rigar wannan makaranta bana, baɗi ya koma wata. Wannan ɓangaren na ƙorafin gaskiya ne, domin ƙungiyar da ba ka san rabin 'yan wasanta ba tana da wuyar so. Amma ban yarda da masu cewa biyan yara ne ya lalata gasar ba. Kuɗin suna nan tun zamanin 'yan cacar New York, masu zufa ne kawai ba sa gani. Abin da ya kamata a yi wa tsaro shi ne gurbin ƙananan makarantu, waɗanda manyan ƙungiyoyin jami'o'i suke ta neman matsewa don su ƙara wa kansu kujeru. Idan aka rage musu wuri, gasar Maris za ta zama ƙaramar NBA, kuma NBA ta fi ta iya ƙwallo nesa ba kusa ba.