Daga Kwana Goma Sha Takwas Zuwa Awa Biyu

A watan Yuni na shekarar 1963 ne wani likitan fiɗa mai suna James Hardy ya fara dasa wa ɗan Adam huhu, a birnin Jackson na ƙasar Amurka. Majinyacin ya yi kwana 18 ya cika. Daga nan aka shafe shekara ashirin ana gwadawa ana binnewa, sai a 1983 Joel Cooper ya yi dace a Toronto ta Kanada, inda mutumin da ya yi wa dashen ya ƙara fiye da shekara shida a duniya.

Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne maganin cyclosporine, wanda kan danne garkuwar jiki don kada ta far wa baƙuwar gaɓa. To, amma wanda ya kwance wa mai gadi makami ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ga shi kuwa huhu ba kamar ƙoda yake ba, wadda ke ɓoye can cikin jiki. Kowane numfashi sai ya shigo masa da ƙura da ƙwayoyin cuta. Bugu da ƙari, jijiyoyin da aka yanke wajen fiɗa su ne masu tayar da tari, saboda haka kaki kan taru mai shi bai sani ba.

A da, sai an reni ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kwana biyu ko uku kafin a san sunanta, ta tarin fuka kuwa har makonni. Kafin nan likita harbi yake yi cikin duhu da manyan magunguna, kuma irin wannan harbi ne ke koya wa ƙwayoyin bijirewa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan kashedi tun 1945. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai bijirewar ta halaka mutum miliyan 1.27, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ɗanɗanawa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Khaddamari da wannan, tunda ba a dashen huhu a Maiduguri? Ai da ruwanta. An fara dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano a 2002, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya bi sahu a 2010, kuma duk wanda aka yi wa irin magungunan nan yake sha. Gida zai komo, cikin jama'ar da ke sayen kafso biyu a kemis, su daina sha da zarar zazzaɓi ya sauka. Ƙwayar da ta ƙeƙashe a jikin maƙwabci ita za ta tarye shi.

A watan Disamba na 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin na'urar GeneXpert, mai duba kaki ta gano tarin fuka cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifampicin. A 2016 Nijeriya ta mayar da shi gwajin farko ga duk wanda ake zargi da cutar. Sai dai na'urar na bukatar wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi, alhali a watan Afrilu zafin Borno kan haura digiri 40.