Ranar da Igiya Ta Tsinke

Yawancinmu mun san jan igiya a matsayin wasan da ake rufe gasar wasannin makaranta da shi, ana shewa ana dariya. Amma daga 1900 zuwa 1920 wasa ne na Olamfik. A Landan a 1908, 'yan sandan birnin ne suka ɗauki lambar zinare, a gasar da tawagar Amurka ta yi ƙorafi kan manyan takalman da 'yan sandan Liverpool suka sa. A 1960 aka kafa TWIF, hukumar da ke kula da wasan a duniya, kuma idan muka duba dokokinta za mu ga da yawansu rigakafin rauni ne.

Mutum takwas ne a kowane ɓangare, ana auna nauyinsu kafin a fara. Kewayen igiya bai gaza santimita 10 ba, bai wuce 12.5 ba. An haramta ƙulli, an haramta naɗa igiya a hannu. Na ƙarshen layi kaɗai ke ratsa ta ƙarƙashin hammata ya ɗora a kafaɗa, shi ma ba ya ɗaure ta. Waɗanda ke ja a kan wannan ƙa'ida suna jin jiki: ciwon baya, gurɗewar kafaɗa ko gwiwa, da salewar tafin hannu irin wadda mai jan guga ya sani. Galibi raunuka ne da ke warkewa.

Munanan raunuka sun faru ne a wuraren da aka tara jama'a ba tare da an yi wa igiya lissafi ba. A watan Yunin 1978, a Harrisburg ta jihar Pennsylvania a Amurka, ɗalibai kusan 2,300 suka kama wata doguwar igiyar nailan don neman shiga kundin bajinta na Guinness. Ta tsinke, kusan 200 suka ji rauni, wasu suka rasa kan yatsunsu. A 1995, a Westernohe ta Jamus, 'yan sikawut kimanin 650 suka gwada irin wannan, yara biyu suka rasa rayukansu.

Wanda duniya ta fi tunawa shi ne na birnin Taipei, ranar 25 ga Oktoban 1997, a bikin tunawa da ƙarshen mulkin Japan a Taiwan. Mutane fiye da 1,600 suka ja igiyar nailan mai kaurin santimita 5. An ƙiyasta ƙarfin da suka sa ya kai na tan 80, alhali iyakarta kusan tan 26 ne. Da ta tsinke, sai ta fizge hannuwan hagu na maza biyu da ke gaban layi. Likitoci sun shafe sa'o'i suna tiyata kafin su mayar musu da su.

Mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma a nan dalilin a fili yake. Igiyar zaren tsiro, irin wadda 'yan gasa ke amfani da ita, ba ta miƙewa sosai, kuma silinta kan fara tsintsinkewa ɗaya bayan ɗaya kafin ta rabu. Nailan kuwa miƙewa take yi kamar danƙon harbin tsuntsu, tana tara ƙarfin duk mai ja. Idan ta ɓalle, sai ta sako shi gaba ɗaya a kan na kusa da inda ta tsinke. Wanda ya naɗa ta a hannu don ya ji daɗin riƙo ba shi da damar saki, domin zarge take yi tana datsewa, kuma ƙarfin dukan masu ja ya taru a yatsunsa.

Yawan jama'a shi kaɗai ba shi ne laifin ba. A birnin Naha na tsibirin Okinawa a Japan, dubban mutane ke jan igiyar karan shinkafa mai tsawon kusan mita 200 da nauyin kusan tan 40 a bikinsu na shekara. An saƙa ta ne daidai da taron, kuma kowa yana riƙe da ƙaramar igiya da ke reto daga jikin babbar.

Saboda haka idan muka ga an jera yara a filin makaranta an miƙa musu igiyar da aka aro daga mai lodin mota, muna da hurumin tambaya kafin a busa usur: da me aka yi ta, mutum nawa za ta ɗauka, kuma an duba hannun kowane yaro an tabbatar bai naɗa ta ba?