Yadda Muka Koyi Zuwa Baje Koli



Da aka zauna rabon aikin wannan takarda ta zagayowar ranar kafa ƙungiya, sai aka ce mu 'yan kwamitin baje koli mu rubuta tarihinmu. Muka ce to. Dukkanmu da girmanmu muka riƙe biro, a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka inda kuka ga kuskure ku yi mana afuwa. Abin da muka gani da idonmu za mu faɗa, har da marar daɗin.

Ita kalmar baje koli tsohuwa ce. Ɗan koli shi ne mai bin kasuwanni da ƙananan kaya, su allura, madubi, kwalli, zare da tsakiya, in ya iso ya shimfiɗa tabarma ya baje, kowa ya gani. Kano kuwa ba yau ta fara ganin kasuwa ba, Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara 500 ke nan. Kayan mata sun daɗe suna shiga kasuwar nan, zaren da kakanninmu suka kaɗa, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa. Amma ta hannun 'yan talla da dillalai suke shiga. Mai kaya tana cikin gida, ba ta san wanda ya saya ba, shi ma bai san ta ba. In ya ji daɗi ba shi da hanyar dawowa gare ta, sai dai ya koma wa dillali.

Wasunmu muna yara a 1987 lokacin da marigayiya Maryam Babangida ta kafa shirin Better Life na matan karkara. Muna tuna iyayenmu sun yi anko, an zo da mota an kwashi faifai da tabarmi da kayan saƙa zuwa wurin nuni. A nan da yawa daga cikinsu suka fara ganin mace ta tsaya bayan tebur tana faɗar kuɗin kayanta da bakinta. Sai dai su kai su ake yi. Yadda ake kama rumfa, da nawa ake biya, da wanda ake gani, duk ba a hannunsu yake ba. Mu kuma da namu lokacin ya zo, ba mai kai mu.

Babban baje kolin Kano, wanda cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA take shiryawa a filinta na titin Gidan Zu, yana faɗowa ne wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Shekara da shekaru muna zuwa kallo, mu kai yara su hau lilo, mu dawo da robobi. Marigayiya shugabarmu ta farko, Allah ya jiƙanta, ita ce ta ce ranar nan: wai mu kullum sai dai mu kai musu kuɗi? Nan take aka yi shawara, saura mako biyu a buɗe.

Mako biyu! Yanzu in muka tuna sai mu yi dariya, amma a lokacin kuka aka yi. Muka kwashe kuɗin adashin watan, wanda kwasar wata baiwar Allah ce da take shirin aurar da 'yarta, da alkawarin za a mayar mata har da ƙari. Da muka je, rumfunan bakin hanya duk an kama. Muka samu rabin tebur a can ƙurya, ta hannun wani da ya ce shi ya riga ya biya, muka ba shi kuɗi ba rasit. Man gyaɗa muka ɗura a tsofaffin robobin ruwa, marfin wasu bai kama ba, kafin a sauke daga a-daidaita-sahu ya jiƙe garin kunu da hulunan wata. Hunturu ya shigo, ƙura ta bi alkaki da dubulan da muka jera a tire ba rufi. Ba mu tanadi canji ba. Ba mu rubuta kayan wace ce aka sayar ba, kowa ta ce za ta riƙe a ka.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne wani mai babban shago da ya ɗanɗana yajinmu, ya ce yana son katan-katan duk wata. Ya tambayi takardar ƙungiya, babu. Ya ce a rubuta masa lambar waya, waɗanda suke wurin a ranar ba mai iya rubutu, wayar kuma tana gida hannun yaro. Ya ba mu katinsa, aka ƙulle a bakin zani, aka wanke zanin da shi.

Da aka tashi, kuɗin da ke cikin jaka bai kai abin da aka fitar ba, kuma ba mai iya cewa ga inda ya shiga. Nan zargi ya shigo. Aminai biyu suka daina gaisawa, mata huɗu suka fita daga ƙungiya, maigidan wata ya ce kada ya ƙara jin sunanmu a gidansa. Mai aurar da 'ya sai da ta sayar da akuyarta, mu kuma muka yi wata biyar muna biyan ta kaɗan-kaɗan. Har yau tana cikinmu, kuma ba ta taɓa goranta mana ba. Ba mu yarda an ci kuɗin ba. Tsakanin man da ya zube, da bashin da aka ba 'yan uwa da suka zo kallo, da abinci da kuɗin mota da ba a lissafa ba, nan ya narke. Amma da yake ba a rubuce yake ba, ba mai iya wanke kanta.

Wannan kunyar ce ta kai mu aji. Jihar Kano tana da hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ga aji a unguwarmu muna wuce shi kullum. Mu bakwai muka shiga tare. Muka roƙi malamarmu ta fara mana da lambobi kafin baƙaƙe, ta yarda, Allah ya saka mata. Shekara biyu ba mu koma baje koli ba. Da muka koma, da littafi muka koma.

Littafin nan shi ne gadon bayan aikinmu har gobe. Kowace mai kaya tana da lamba da shafinta. Ranar karɓar kaya ana ƙirgawa a gabanta, ta sa hannu ko ta dangwala. Lambarta tana manne a jikin kowace leda da kowace roba, in an sayar a ja layi a shafinta. Kullum da magariba mutum biyu suke ƙirga kuɗi, ba a yarda mutum ɗaya ta ƙirga ba, ko da shugaba ce. Da wannan ne 'yan uwanmu da ba sa fita suka samu shiga. Kayansu na zuwa, kuɗinsu na dawo musu cif, sai ɗan kason ƙungiya da aka amince tun farko. Mazan da suka hana a da, wasunsu yanzu su suke kawo kayan a babur.

Shiri kuwa tun damina ake fara shi. Akwai asusu daban na rumfa, ba a taɓa adashin kowa. Da an fara ba da fom muke zuwa ofishin masu shiryawa da kanmu, mu biya mu karɓi rasit, mu taka da ƙafa mu ga inda rumfar take. Ta kusa da hanyar shiga ta fi tsada, amma ta fi ta ƙurya sau nawa. Ku guji jikin masu manyan lasifika, mai saye ba zai tsaya ciniki yana ihu ba. Lokacin ma ya yi mana daidai, don sabuwar gyaɗa tana shigowa Dawanau da kaka, sai mu haɗa kuɗi mu sayi buhuna a tare. Amma ba a soya komai da wuri. Yaji, garin kunu, daddawa, turaren wuta da man kaɗanya su ake fara haɗawa. Dambun nama, alkaki da gireba sai ana saura kwana kaɗan, kuma kashi-kashi ake kawowa, don kada a kwana da su har su canja.

Maganar takardar jikin kaya ta ba mu wahala. Dole a ga sunan abu, nauyinsa, ranar da aka yi shi, ranar da zai lalace, da lambar waya. Sai da muka sayi sikeli, domin da gwangwani muka saba awo, gwangwanin wata kuma ya fi na wata. An sha rigima a kan wannan, kowa na ganin hannunta ya fi albarka. Masu manyan shaguna kuma lambar NAFDAC suke fara dubawa, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. Kafin a ba da lambar sai an yi rajistar sunan kasuwanci, an zo an duba wurin da ake aikin, an kuma gwada kayan. Ba a yin wannan a tsakar gida kusa da kaji. Shi ya sa muka kama ɗakin nan da wasu suka ce asarar kuɗi ne. Mun fara da yaji da garin kunu, saura suna layi.

Ana gobe buɗewa mukan yi gwaji a gidan Hajiya ma'aji. A jera tebur, wata ta zama mai saye mai tsaurin ido, sabuwar shiga ta tsaya ta amsa. A nan ake gane mai jin kunya da mai saurin fushi. Ana raba kwanaki, mutum uku safe, uku yamma, mai goyo ba a sa ta yamma. Samarinmu biyu suke kula da kaya da dare. Akwai faranti na ɗanɗano, shi ma a rubuce yake, don kada ɗanɗano ya cinye riba. Bashi kuwa an hana, ko uwar miji ce ta zo.

An sha gwada mu bayan nan. Kullen korona na Afrilun 2020 ya cinye jarin da yawa daga cikinmu, sai da asusun rumfa ya koma na abinci. A farkon 2023 bayan an canja takardun naira 200 da 500 da 1000 tsabar kuɗi ta ɓace, dole ta sa muka buɗe asusun banki da sunan ƙungiya muka karɓi POS. Da wannan kuma sabuwar cuta ta zo, wato alat na ƙarya. Sau ɗaya aka yi mana, da turaren wuta kwalba shida. Tun daga ranar kaya ba ya barin tebur sai kuɗi ya faɗo a wayarmu, komai kyan rigar mai saye. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, sai muka daina kai kaya kowa da nata, ake tarawa wuri ɗaya a ɗauka sau ɗaya.

Har yanzu akwai masu cewa wahalar ta fi ribar, kuma ba za mu ce ƙarya suke ba. In aka cire kuɗin rumfa, mota, leda, buga takarda da abinci, akwai shekarar da da ƙyar muke mayar da uwar kuɗi. Mu a ganinmu ribar tana cikin ɗaya littafin, ƙaramin, wanda ake rubuta sunan duk wanda ya tambayi sari da lambarsa. Mako guda bayan an tashi ake bin su da kira ɗaya bayan ɗaya. A cikin goma wataƙila biyu su amsa da gaske, amma biyun nan su suke riƙe da masu yajinmu duk shekara. Gardamar da ba a gama ba ita ce ta Kaduna. Nasu baje kolin, wanda KADCCIMA take yi a filin hanyar Zariya, yakan zo wajen Fabrairu zuwa Maris, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa dab da azumi, lokacin da garin kunu yake tafiya. Matasanmu suna so a je. Manya suna tambayar inda za a kwana da wanda zai bar matarsa ta yi kwana goma a wani gari. Kwamiti ya rabu biyu, mu masu rubutun nan ma ba bakinmu ɗaya ba.

Za a kawo maganar a taron wata mai zuwa, a zo da mazaje in za su samu zuwa. Mai son saka kaya bana ta ba sakatariya sunanta a ranar, ta zo da samfuri ɗaya a ɗaure yadda za ta sayar. Mutum tara kuma ba su cika kuɗin asusun rumfa ba, sun san kansu.