Kada ya riƙe, kaza ta saki: tarihin ɓawon haƙori

Duk mai shan rake a Gubuci ko a kasuwar Maƙarfi yana dogara ne da wani siririn farin ɓawo da ya lulluɓe haƙoransa, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, domin kusan kashi 96 cikin ɗari nasa ma'adini ne. Sai dai wasu furotin ne ke aza masa tubali tun haƙori yana cikin dasashi, manyansu uku: amelojenin, inamelin da amelobilastin. Su ke tsara yadda ma'adinin zai jeru, daga nan a narkar da su, ƙwayoyin da suka samar da su kuma su gushe da zarar haƙori ya ɓullo. Shi ya sa ɓawon da ya zaizaye ba ya komowa.

Dabbobi masu jan ciki sun daɗe da samun mafita: ɓawonsu galibi siriri ne, amma suna sauya haƙora muddin rai. Hujja mafi ƙayatarwa a kan haka tana Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi tono daga 1965, kuma a 1966 shi da France de Broin suka raɗa wa wani ƙaton dangin kada suna Sarcosuchus, mai tsawon da ya kai mita 9 ko fiye. A 1999 Ba'amurke Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana Nigersaurus, wani dinoso mai cin ganye da ke da haƙora sama da 500. Ɓawon da ke fuskar waje ta haƙorinsa ya ninka na ciki kauri sau da yawa, don haka gefe guda ke saurin cinyewa, bakin haƙorin ya zauna da kaifi. An ƙiyasta cewa kowane haƙori kwana 14 yake yi wani ya maye gurbinsa. Ƙasar Sakkwato ma tana da nata: Goronyosaurus, ƙadangaren teku da ya ci sunan Goronyo a 1972, shaidar zamanin da teku ya malale yankin.

Ƙashi yana nuna siffa, amma ba ya bayyana umarnin da ya gina ta. Ko furotin ɗin da aka karanta a 2019 daga haƙorin wata karkanda ta Dmanisi a Jojiya bai wuce shekara miliyan 1.77 ba, alhali dabbobin Gadufawa sun haura miliyan 100. Dole masana suka koma kan dangin da ke raye. A 1998 aka gano ƙwayar halittar amelojenin a jikin wani nau'in kada na Kudancin Amurka da kuma wani kwaɗon Afirka, abin da ya tabbatar da cewa ta girmi dabbobi masu shayarwa nesa ba kusa ba. A 2003 Kazuhiko Kawasaki da Kenneth Weiss suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyi 'yan gida ɗaya ne, sun yaɗu ta hanyar kwafuwar tsohuwar ƙwaya guda.

Inda labarin ya fi armashi shi ne wajen marasa haƙori. Kunkuru ba shi da ko ɗaya, amma a 2008 an bayyana wani tsohon danginsa daga Sin, Odontochelys, mai shekara kusan miliyan 220, da haƙoransa. Kunkurun yau har yanzu yana ɗauke da kufan ƙwayoyin inamel, sun lalace ba sa aiki. Haka kaza, wadda a lissafin masana ta fi kusa da kada fiye da yadda ƙadangare yake. Dalilin lalacewar mai sauƙi ne: ƙwayar da ba ta da wani aiki sai gina ɓawo, idan haƙori ya tafi, kuskuren kwafi yakan taru a cikinta ba tare da ya cutar da dabbar ba.

A 2014 Robert Meredith da abokansa suka duba kundin halittar tsuntsaye 48, suka tarar da wasu kurakurai iri ɗaya a wuri ɗaya cikinsu. Da wuya hakan ya zama dace. Gado ne daga kaka guda. Suka ƙiyasta cewa kakan ya rasa ɓawon haƙori kimanin shekara miliyan 116 da suka wuce, wato dab da zamanin da Nigersaurus ke kiwo a bakin kogunan Gadufawa.