Koyar da Fahimtar Karatu Bisa Shekarun Ɗalibai: Nazari Daga Yankin Kaikai

Gabatarwa

A shekarar 2022 Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF suka ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Wannan maƙala ta ɗauki Kaikai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kusada, da maƙwabtanta na Kankiya, a matsayin misalin karkarar Katsina, inda yaro ke tashi da Hausa ko Fulatanci, ya tarar da Turanci a aji. Ra'ayin da take karewa shi ne: fahimta darasi ce da ake koyarwa da gangan tun ranar farko, kuma dabarunta suna sauyawa da shekarun mai koyo.

Ginshiƙan fahimta

Gough da Tunmer sun nuna a 1986 cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan abu biyu: iya haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, da kuma sanin harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya tsinana komai. Yaron Kaikai yana shiga aji ɗaya da ginshiƙi na biyu a hannunsa, domin ya sha tatsuniya da kacici-kacici, ya san shuka da noman farko da maimai. Da zarar an miƙa masa rubutun Turanci, wannan jari ya daina aiki. Abin da ya rage sai malam ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya, a tashi ba wanda ya san me aka ce.

Malamanmu na zaure sun daɗe da raba abubuwan biyu. Almajiri yana bi ta babbaƙu da farfaru har ya iya biyawa, amma ba a ɗaukarsa masani sai ya zauna an fassara masa Ahalari da Ishmawi da Risala kalma bayan kalma. Larabci ne ya tilasta wannan jinkiri. Wanda ke koyon karatun Hausa ba shi da dalilin jira, tun da harshen nasa ne.

Aji ɗaya zuwa uku

A wannan mataki ana tafiya da gaɓoɓi da ma'ana tare. Shirin RANA, wanda UNICEF ta kawo jihohin Katsina da Zamfara daga 2015 da tallafin Birtaniya, da littattafan Mu Karanta! na Bauchi da Sakkwato, duk a kan haka aka gina su: a koyar da sautin harafi, a karanta wa yara labari da babbar murya, a tambaye su. Kafin su, littattafan Muhammadu Ingawa, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, sun bi da ɗimbin 'yan Arewa daga gaɓa zuwa cikakken labari. Ya kamata malami ya riƙa dakatawa a tsakiyar labari ya ce: me kuke jin zai faru? Don me ta yi haka? Akwai kuma dalili na musamman ga Hausa: rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka sai yaro ya bi ma'anar jimla kafin ya furta wasu kalmomin daidai.

Aji huɗu zuwa shida

Jeanne Chall ta bayyana a 1983 cewa wajen aji huɗu ne yaro ke tashi daga koyon karatu zuwa neman ilimi ta hanyar karatu, kuma nan ne da yawa ke sarewa. Abin da ke tsayar da su ƙarancin kalmomi ne da rashin sanin batun. Binciken Recht da Leslie na 1988 a Amurka ya gano cewa yara masu raunin karatu da suka san wani wasan ƙwallo sun fi gwanayen da ba su san shi ba gane rubutun da aka yi a kansa. Darasin a fili yake: a fara da gero da dawa da kasuwa, sannan a faɗaɗa zuwa tarihin Katsina da kimiyyar ruwan sama. Waɗanda suka zo nan ba su iya haɗa gaɓa ba, a ware musu lokaci bisa matsayinsu, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi.

Sakandare da manya

Ɗalibin sakandare yakan amsa tambayar auna fahimta ta hanyar kwafo layin da ya ga kalmomin tambayar a ciki. Maganin wannan shi ne dabaru huɗu da Palincsar da Brown suka gwada a 1984: hasashe, yin tambaya, warware abin da ya shige duhu, da taƙaitawa, ɗalibai suna karɓar jagoranci bi da bi. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta dace da wannan aiki. A cikin littafin, tambayar wane labari aku ya ba Musa gwajin tuni ce kawai. Tambayar me ya sa yake jan labarin, kuma me Waziri ke ƙullawa, ita ke tilasta tunani. Manya kuwa, tun zamanin Yaƙi da Jahilci an san ba sa zama sai sun ga amfani: umarnin da ke jikin kwalbar maganin feshi, ƙa'idar shan magani, saƙon waya.

Batun Turanci

Masu ja da koyar da karatu da Hausa suna cewa jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake yi, kuma a Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022. Damuwarsu tana da tushe. Sai dai gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Wanda ya iya taƙaita labari da Hausa zai kai wannan gwaninta Turanci idan kalmominsa suka ƙaru. Wanda bai taɓa gane rubutu da kowane harshe ba, ba shi da abin da zai kai.

Kammalawa

Ya wajaba Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da ta Tarayya da ke Katsina su horar da malamai a kan koyar da fahimta, hukumar SUBEB ta kai littattafan labarai na Hausa makarantun ƙauye, masu duba makarantu su riƙa sa yaro ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa. Iyaye ma, ko ba su yi boko ba, suna iya sa ɗansu ya karanta musu ya yi bayani. Duk makarantar da ta yaye yaro yana furta rubutu ba ya gane shi, ba ta sauke nauyin da aka ɗora mata ba.